Kakar 2022/23 ta Kofin Duniya a Zamiyar Dusar Ƙanƙara: Tsakanin Shiffrin da Odermatt, Aikin Wa Ya Fi Nauyi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun da an rufe kakar bana ta Gasar Kofin Duniya ta zamiya a kan dusar ƙanƙara a Soldeu ta ƙasar Andora ranar 19 ga Maris, 2023, ina so mu tattauna wani abu da ya tsaya mini a rai. Duk inda mutum ya leƙa, maganar Mikaela Shiffrin ta Amurka ake yi da nasarori 88 da ta kai a ƙarshen kakar, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafin ita a wannan gasa, kuma babu mai ja da cewa ta cancanci yabon. Amma idan kaka guda ake aunawa, ba tsawon rayuwar ɗan wasa ba, ni a ganina abin da Marco Odermatt na Suwizalan ya yi bana ya fi nata nauyi, kuma ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Ga hujjata. Odermatt ya ci tsere 13, bakwai a babban silalom, shida a Super-G, ya kuma tara maki 2042, wanda ya rushe tarihin maki 2000 da Hermann Maier na Ostiriya ya kafa a kakar 1999/2000, tarihin da ya shekara 23 babu namijin da ya taɓa shi, har da Marcel Hirscher da ya ɗauki babban kofi sau takwas a jere. Wanda ya biyo shi, Aleksander Aamodt Kilde na Norwe, maki 1340 ya samu, wato tazarar 702 ke tsakaninsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Odermatt ba ya shiga silalom ko kaɗan. Tsere 26 kawai ya shiga, a cikinsu ya hau mumbarin ukun farko sau 22. Idan aka raba makinsa a kan tseren da ya yi, kowane tsere ya tashi da fiye da maki 78, alhali wanda ya zo na biyu maki 80 ake ba shi. Ina son in ji wanda zai nuna mini inda wannan lissafi ya karkace.

Nafisa:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ni bana na fara bin wannan gasa, don haka ina roƙon a yi mana bayanin yadda ake ba da makin da kuma bambancin rukunan tseren, domin mu ma mu iya bin muhawarar da fahimta.

Injiniya Lawal:
Malama Nafisa, tambayarki a kan hanya take, domin duk gardamar da za a yi a nan a kan wannan tsarin za ta tsaya. Hukumar wasannin zamiya ta duniya, wato FIS, ce ke shirya gasar tun 1967, kuma maza da mata kowa da jadawalinsa, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Maris. A kusan kowane tsere mutum 30 na farko ne ke samun maki: na ɗaya 100, na biyu 80, na uku 60, na huɗu 50, na biyar 45, haka ake ta sauka har na talatin ya samu maki 1. A ƙarshen kaka wanda ya fi kowa maki a dukkan rukunai shi ke ɗaukar babban kofin gilashi, sannan kowane rukuni yana da ƙaramin kofinsa.

Rukunan kuwa huɗu ne manya. Akwai tseren gangara, wanda shi ne mafi gudu da haɗari, sau ɗaya ake saukowa, kuma a Wengen, inda hanyar ta haura kilomita 4, Johan Clarey na Faransa ya taɓa kai gudun kilomita 161.9 a awa a 2013. Akwai Super-G, shi ma sau ɗaya ne, amma lanƙwasarsa ta fi yawa kuma ba a yarda a gwada hanyar da gudu kafin ranar tsere ba, sai dai a duba ta da ido a haddace. Sai babban silalom da silalom, inda ake ta lanƙwasa tsakanin sanduna masu yawa, waɗanda sau biyu ake saukowa a haɗa lokacin, kuma a zagaye na biyu mutum 30 da suka fi sauri ne ke dawowa, ana farawa da na talatin a ƙare da na ɗaya.

Wannan juyin na zagaye na biyu mutane da yawa ba sa lura da nauyinsa. Da yake a Ostiriya nake aiki, na samu halartar tseren dare na Schladming a watan Janairu, kuma abin da na gani a gefen fili ya bambanta da abin da talabijin ke nunawa. Ba dusa mai laushi ba ce, ƙanƙara ce tsagwaronta, domin ruwa ake ɗura wa filin ya daskare, har ma'aikatan da ke gyaran sanduna sai sun ɗaura ƙarafa masu tsini a ƙarƙashin takalmansu kafin su iya tsayawa. Kana jin ƙarar bakin katakon zamiyar yana kankare ƙanƙarar tun kafin ka hango ɗan wasan. Duk da taurin nan, kafin mutum 29 su wuce, gindin kowace sanda ya zama rami. Wanda ya jagoranci zagayen farko a cikin waɗannan ramuka zai sauko, da sanin cewa idon kowa a kansa yake.

Hajiya Binta:
Malam Habibu, lissafinka daidai ne, ban sami inda ya karkace ba, amma ka zaɓi ma'aunin da ya dace da gwaninka ne. Mu ajiye nasarori 88 a gefe kamar yadda ka nema, mu dubi kakar ita kaɗai. Shiffrin ta ci tsere 14, Odermatt ya ci 13. Ta tara maki 2206, shi ya tara 2042. Lara Gut-Behrami da ta zo ta biyu maki 1217 gare ta, wato tazarar 989, wadda ta fi 702 da kake alfahari da ita. Ta ci a rukuni uku: shida a silalom, bakwai a babban silalom, ɗaya a Super-G a St. Moritz, shi kuwa a rukuni biyu ya ci. Ta kowace fuska da ka ambata, in ban da matsakaicin maki da yawan hawa mumbari, ita ce a gaba.

Sannan ban yarda a ce za a iya raba kakarta da tarihin da take kora ba, domin tarihin kaya ne da ta ɗauka a ka a kowane tsere. Ta shiga kakar da nasarori 74, bayan ta dawo daga gasar Olamfik ta Beijing a 2022 ba tare da lambar yabo ko ɗaya ba, inda ta fita daga hanya a tsere uku. Ta ci silalom biyu a Levi ta Finlan a Nuwamba, ta share tsere uku a jere a Semmering daga 27 zuwa 29 ga Disamba, ta kamo Lindsey Vonn, mai riƙe da tarihin mata a lokacin, a kan 82 a Kranjska Gora ranar 8 ga Janairu, ta wuce ta a Kronplatz ranar 24, washegari ta ƙara. Daga nan kowace tambaya da 'yan jarida ke mata a kan Ingemar Stenmark ce da nasarorinsa 86, waɗanda su ne mafi yawa a tarihin gasar a lokacin. Ranar 29 ga Janairu a Špindlerův Mlýn ta jagoranci zagayen farko, kowa ya shirya bikin, sai Lena Dürr ta Jamus ta ƙwace nasarar da kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa. Sai da ta jira kusan mako shida da wannan magana a kanta kafin ta kamo shi ranar 10 ga Maris a Åre, ta wuce shi ranar 11, a ƙasarsa ta Suwidin, a garin da ta ci nasararta ta farko a Disamban 2012. Odermatt ya yi abin mamaki, amma babu wanda ya riƙa ƙirga masa tarihin Maier a kowace safiya tun daga Disamba.

Malam Habibu:
Hajiya, na gode da wannan amsa, amma akwai abu biyu da ba zan bari su wuce ba. Na farko, maki 2206 ba tarihi ba ne a ɓangaren mata, domin Tina Maze ta Sulobeniya ta tara 2414 a kakar 2012/13, kuma ita kanta Shiffrin ta ci tsere 17 a kakar 2018/19. Ke nan kakar bana ba ita ce mafi girma a tarihin mata ba, kuma ko a wajen Shiffrin akwai mai cewa ta 2018/19 ta fi ta. Odermatt kuwa babu namijin da ya taɓa tara makinsa, kuma nasarori 13 a kaka guda Stenmark da Maier da Hirscher kaɗai suka taɓa kaiwa.

Na biyu, kin ce babu kaya a kansa. A Kitzbühel, a tseren gangara na farko ranar 20 ga Janairu, ƙiris ya rage ya faɗa cikin raga, ya tsira da ƙyar amma gwiwarsa ta bugu. Bai shiga tsere na biyu a can ba, bai shiga babban silalom na Schladming ba, wanda ɗan ƙasarsu Loïc Meillard ya ci. Kwana takwas bayan bugun ya dawo a Cortina ya ci Super-G biyu a jere. Babban silalom tara da ya shiga bana, babu ko ɗaya da ya sauka daga ukun farko. Mai yin tseren gudu da ransa yake caca a kowane mako, kuma wannan ma kaya ne.

Alhaji Garba:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma a matsayina na wanda ya fara jin sunan Stenmark tun yana kan ganiyarsa, ina so in sa baki a kan maganar tarihin 86, domin ina ganin ana haɗa abubuwan da ba su cika haɗuwa ba.

Stenmark ya ci nasararsa ta farko a Disamban 1974, ta ƙarshe kuma a Fabrairun 1989, kuma dukkan 86 ɗin a rukuni biyu ne kacal, 46 a babban silalom, 40 a silalom. Ya ɗauki babban kofi sau uku a jere, 1976 zuwa 1978, sai hukuma ta sauya dokar ƙirga maki ta yadda mai rukuni biyu ba zai iya tara abin da zai kai shi ga kofin ba. Shi ya sa a kakar 1978/79 ya ci tsere 13 amma bai ɗauki babban kofi ba. Wannan ya isa ya nuna muku cewa maki ba gaskiya ce tsayayya ba, doka ce da mutane suka zauna suka rubuta, kuma suna sauya ta idan sun ga dama. Don haka, Habibu, kada ka jingina da 2042 fiye da kima.

Ke ma Binta, ki sani cewa Shiffrin da Stenmark ba su taɓa tsayawa a fili ɗaya ba, ba su fafata da mutane ɗaya ba, kuma katakon zamaninsa dogo ne miƙaƙƙe, ba irin na yanzu mai siririn ƙugu da ke yanka lanƙwasa da kansa ba. A cikin 88 ɗinta akwai biyar a tseren mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. Ban faɗi wannan don rage mata daraja ba. Zuwa ƙarshen kakar 2022/23 ta ci silalom 53, babban silalom 21, wanda ya wuce 20 na Vreni Schneider, ta kuma ci Super-G da gangara, abin da Stenmark bai taɓa yi ba. A wurina wannan faɗin shi ne abin yabonta, ya fi lambar 87 da ake ta yayatawa.

Hajiya Binta:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan sauyin doka ta 1979 ta ƙarfafa ni ne, domin ta nuna cewa ƙirga nasarori ya fi ƙirga maki tsayuwa: nasara ita ce ka riga kowa a ranar, kuma babu kwamitin da zai sauya ma'anarta. Game da cewa ba su tsaya a fili ɗaya ba, haka ne, amma Odermatt ma bai tsaya da Maier ba, kuma ba mu ce kada a kwatanta su ba. Idan za a buɗe ƙofar kwatanci ga maza tsakanin zamani da zamani, ban ga dalilin rufe ta idan mace ce ta zo wucewa ba.

Nafisa:
Anti Binta da Malam Habibu, ina da tambaya a kan abin da na lura da shi. Dukkan gwanayen naku biyu babban silalom ne ginshiƙinsu, kowannensu ya ci bakwai. Shin tsarin ne ya fi taimakon masu wannan rukuni, ko kuwa dacewa ce kawai? Ina tambaya ne saboda ni Sofia Goggia ta Italiya ce ta ja hankalina ga wasan, kuma na ga ta ci tseren gangara biyar amma ba ta kusanci babban kofi ba.

Injiniya Lawal:
Ba dacewa ba ce, Malama Nafisa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Bana an yi wa mata tsere 38: silalom 11, babban silalom 10, gangara 9, Super-G 8. Ke nan 21 na ƙwarewar lanƙwasa ne, 17 na gudu. Maza ma 38 aka yi musu, 20 da 18. Tun daga jadawali ke nan mai gudu yana baya. Ƙari a kan haka, babban silalom yana tsakiya ne, wanda ya ƙware a cikinsa yana iya miƙa hannu dama ya taɓa silalom kamar Shiffrin, ko hagu ya taɓa Super-G kamar Odermatt, amma tsantsar mai gangara ba shi da inda zai miƙa sai Super-G.

Ki dubi Kilde. Tseren gangara goma aka yi wa maza, mutum biyu ne kawai suka ci su: Kilde shida, Vincent Kriechmayr na Ostiriya huɗu. Kilde ya ƙara da Super-G biyu, a Beaver Creek da Wengen, ya tashi da nasarori takwas, ciki har da Wengen da Kitzbühel, waɗanda su ne filayen da kowane mai gangara ke mafarkin ci. A wata kakar wannan ya isa a kira shi gwarzon shekara, amma bana an bar shi a baya da maki 702.

Ita kuwa Goggia da kika ambata, abin da ta yi a St. Moritz ba zai fita daga ran wanda ya gani ba. Ranar 16 ga Disamba hannunta na hagu ya bugi sanda tun a saman hanya, ƙasusuwa biyu suka karye, duk da haka ta ƙarasa ta zo ta biyu bayan Elena Curtoni. A ranar aka kai ta Milan aka yi mata tiyata, ta dawo, washegari aka naɗe mata sandar riƙo a jikin safar hannunta da salatif domin ba ta iya damƙe ta, hannun a kumbure, ta sauko ta ci tseren. Maki 100 aka rubuta mata, daidai da kowace nasara, domin teburin maki ba ya ganin irin wannan.

Malam Habibu:
Injiniya, wannan bayanin ya dawo da ni kan maganata ta farko. Idan jadawali ya fi karkata ga silalom da babban silalom, to Shiffrin ce ta fi cin moriyarsa, domin rukunanta biyu su ne masu tsere 21, kuma nasarorinta 13 cikin 14 daga can suka fito. Odermatt ya bar silalom goma gaba ɗaya, maki 1000 ke nan da bai ko nema ba, ya tafi ya nemi makinsa a inda ake karya ƙafa. Kuma kada a manta da Gasar Zakarun Duniya ta Courchevel da Méribel a Faransa a Fabrairu, wadda ba a ƙirga makinta a wannan gasa: ya ci zinare a babban silalom, ya kuma ci zinare a gangara, alhali har lokacin bai taɓa cin tseren gangara ko ɗaya a Kofin Duniya ba. Ya doke Kilde a rukunin Kilde, a ranar da ta fi kowace muhimmanci.

Hajiya Binta:
Malam Habibu, kana magana kamar silalom wurin hutawa ne. A silalom ne ake fi samun masu fita daga hanya, domin sanduna sun kai 60 a zagaye guda, kuma kuskuren taku ɗaya, a ce katako ya bi ta wancan gefen sanda, ya isa a soke mutum. Hakan ya faru da Shiffrin kanta a Méribel, a tseren haɗaka, wanda ake haɗa Super-G da silalom, tana dab da ƙarshe kuma tana kan hanyar zinare. Bayan kwana biyu ta ci azurfa a Super-G, sannan ta rabu da kocinta Mike Day a tsakiyar gasar, ta ci zinare a babban silalom, ta ƙara azurfa a silalom bayan Laurence St-Germain ta Kanada. Lambobi uku a rukuni uku.

Kuma abokan hamayyarta ba ƙanana ba ne. Petra Vlhová ta Sulobakiya ta taɓa ɗaukar babban kofi a 2021 kuma ita ce ta ci zinaren silalom na Olamfik a 2022, Gut-Behrami ta ɗauka a 2016, Federica Brignone ta ɗauka a 2020. Mata uku ke nan masu babban kofi a gida, dukkansu suna fili bana. Wendy Holdener ma, wadda ta hau mumbari sau 30 a silalom ba tare da nasara ba, bana ta ɓalle ƙofar a Killington, inda suka yi kunnen doki da Anna Swenn Larsson, ta sake ci a Sestriere. A cikin wannan taron ne aka bar ta biyu a baya da maki 989.

Alhaji Garba:
Ku biyun kun kawo abin da za a iya kawowa, kuma ban ga alamar ɗayanku zai sauka ba. Ni abin da ya fi damuna a kakar nan ba ya cikin abin da kuke gardama a kai. Ku tuna yadda aka fara: tseren mata na buɗe kaka a Sölden an soke shi saboda yanayi, tseren gangara huɗu da aka shirya daga Zermatt zuwa Cervinia, waɗanda za a fara a Suwizalan a ƙare a Italiya, duk an soke su saboda rashin dusa a ƙasan hanyar, na Lech ma haka. A Janairu an soke silalom na biyu a Zagreb saboda ɗumi da iska, an soke tseren maza na ƙarshen wata a Garmisch, kuma wanda ya kalli Adelboden ya ga farin zirin ƙanƙarar inji guda ɗaya ya ratsa tsakiyar koren dutse. Mafi yawan abin da ake rasawa tseren gudu ne, domin hanyarsa doguwa ce, tana bukatar dusa mai yawa da sararin sama mai kyau. Idan aka ci gaba a haka, rashin daidaiton da Lawal ya nuna ƙaruwa zai yi, kuma masu gangara ne za su biya kuɗin.

Ga shi kuma manyansu suna tafiya. Matthias Mayer, mai zinaren Olamfik uku, ya duba hanyar Bormio da safe ranar 29 ga Disamba, ya sanar a gaban kyamara cewa ya daina. Beat Feuz ya yi bankwana a Kitzbühel, Clarey ya ajiye yana da shekara 42.

Injiniya Lawal:
Baba Alhaji, su kansu 'yan wasan sun ga abin da ka gani. A lokacin gasar Courchevel da Méribel, fiye da ɗari daga cikinsu sun sa hannu a wata wasiƙa da Julian Schütter na Ostiriya ya jagoranta zuwa ga FIS da shugabanta na lokacin Johan Eliasch, kuma Shiffrin da Kilde da Brignone suna cikin masu sa hannun. Daga cikin abin da suka nema akwai a jinkirta buɗe kaka zuwa ƙarshen Nuwamba a tsawaita ta zuwa Afrilu, a kuma tsara tafiye-tafiye ta yadda ba za a riƙa tsallaka teku ana dawowa ba. Bana maza sun je Arewacin Amurka sau biyu, na farko Lake Louise da Beaver Creek a farkon kaka, na biyu Palisades Tahoe da Aspen a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris, sannan suka dawo Turai don ƙarasawa.

Ni ina goyon bayan jinkirtawar, amma ba abu ne mai sauƙi ba. Tseren Sölden na Oktoba talla ne ga masu sayar da kayan zamiya da masu otal-otal, domin shi ke tuna wa jama'a cewa hunturu ya ƙarato kafin su yi sayayya. A Afrilu kuwa dusa tana nan a kan manyan duwatsu, amma hankalin masu kallo ya riga ya koma kan wasannin bazara, kuma gidajen talabijin da masu kallo suke ciniki.

Nafisa:
Na gode, Injiniya. To idan an jinkirta, shin hakan zai ƙara wa masu gudu yawan tsere, ko kuwa adadin zai tsaya yadda yake?

Injiniya Lawal:
Jinkirtawa kaɗai ba za ta ƙara adadi ba, sai dai ta rage sokewa. Daidaita adadin shawara ce ta daban da hukuma za ta yanke tun wajen rubuta jadawali, kuma akwai iyaka, domin kowane tseren gangara yana cin kwanaki na gwaji kafin ranar tsere, alhali silalom a yini guda ake gamawa, har da dare ma ana yi a ƙarƙashin fitilu a kan ɗan gajeren tudu kusa da gari. Shi ya sa masu shirya gasa suka fi son sa, ya fi araha kuma ba ya cika lalacewa.

Malam Habibu:
Wannan ya sa nake cewa a riƙa duba inda mutum ya samo makinsa. Daga cikin tsere 26 na Odermatt, 17 na gudu ne, kuma a cikin Super-G takwas na bana babu wanda ya sauka daga ukun farko. A ƙarshen kakar 2022/23 yana da shekara 25, wannan ne babban kofinsa na biyu a jere, kuma har lokacin bai fara cin gangara a Kofin Duniya ba. Idan ya fara, 2042 ma ba za ta daɗe ba.

Hajiya Binta:
Idan ya fara, za mu zauna mu auna, Malam Habibu. A ƙarshen kakar 2022/23 dai babban kofinsa biyu ne, nata biyar, kuma ta cika shekara 28 ne kwana biyu bayan Åre. Ta wuce huɗu na Vonn, a lokacin saura Annemarie Moser-Pröll ta Ostiriya mai shida. Kuma tun da ka ce a duba inda aka samo maki, ka duba inda ta tabbatar da kofin bana: a Kvitfjell ta Norwe ne, ranar 4 ga Maris, a tseren gangara, saura mako biyu a rufe kaka.